Shin wutsiyar adireshin shafi tana nuna ingancinsa?

Tambaya: Ni malamar sakandare ce. Ina koya wa ɗalibaina yadda za su tantance shafukan intanet kafin su ɗauko bayani don aikin gida. Abin da na saba faɗa musu shi ne, shafin da adireshinsa ya ƙare da .gov ko .edu abin dogaro ne, .org ba laifi, .com kuwa a yi hattara da shi don na 'yan kasuwa ne. Wannan ya wadatar, ko da gyara?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Da gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. Rabin abin da kike faɗa musu yana da amfani, ɗaya rabin kuwa zai iya kai yaro ga hannun wanda kike gudun ya faɗa. Ba ke kaɗai ba ce. Wannan jeri na .gov, .edu, .org, .com an shekara ashirin ana maimaita shi a takardun ɗakunan karatu na makarantu, har ya zama kamar karatun allo. Matsalar ita ce wutsiyar adireshi tana amsa tambaya ɗaya ce kawai: a wajen wa aka yi rajistar sunan nan, kuma an tambayi mai shi shaida kafin a ba shi? Ba ta cewa komai game da gaskiyar rubutun da ke cikin shafin.

A 1985 aka fara amfani da waɗannan wutsiyoyi: .com, .org, .net, .edu, .gov da .mil, sai .int ta biyo baya a 1988. Sunan farko da aka yi wa rajista a .com shi ne symbolics.com, na wani kamfanin kwamfuta a Amurka, ranar 15 ga Maris 1985. Manufar a lokacin ita ce a raba gida: kamfanoni nan, makarantu can, gwamnati can. Amma tun da wuri aka daina tsare ƙofar wasu, aka ci gaba da tsare ta wasu. Wannan ne rabon da ya kamata ɗalibanki su riƙe, domin shi ne na gaskiya. Akwai wutsiyoyi masu sharaɗi, waɗanda sai ka kawo shaida: .gov, .mil, .edu, .int. Akwai kuma buɗaɗɗu, waɗanda duk mai katin banki zai yi rajista cikin 'yan mintuna ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba: .com, .net, .info, .xyz, da kuma .org. Ki ɗauke ta kamar lambar mota. Lambar gwamnati tana gaya miki motar ta wace hukuma ce, amma ba ta gaya miki ko direban ya iya tuƙi, balle abin da ya ɗauko a but.

A kan .org zan fi daɗewa, don nan ne ɓarnar take. Mutane da yawa, har da malamai, suna zaton sai ƙungiyar da ba ta neman riba ake ba wa .org. Babu wannan sharaɗin. Tun 2003 wata hukuma mai suna Public Interest Registry ce ke riƙe da .org, kuma ba ta neman takardar rajistar ƙungiya daga kowa. Kamfani zai iya saya, ɗan siyasa zai iya, ɗan damfara ma haka. Masu son su juya ra'ayin jama'a sun san cewa makarantu sun koya wa yara girmama .org, shi ya sa suke rububinta. A baya, shafin martinlutherking.org ya yi shekaru da dama yana fitowa a sahun gaba in an nemi tarihin Martin Luther King, jagoran fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, alhali masu tsattsauran ra'ayin fifita farar fata na dandalin Stormfront ne suka kafa shi don ɓata masa suna. Ga suna mai kyau, ga hotonsa a fuskar shafin, ga .org a ƙarshe: kyan ɗan maciji ke nan.

Wata ƙungiyar masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Farfesa Sam Wineburg, ta auna wannan abu da gaske. A binciken da suka fitar a 2019 sun gwada ɗaliban sakandare 3,446 a Amurka. Cikin abin da suka ba su akwai shafin co2science.org, mai ikirarin kawo bayanan kimiyya kan sauyin yanayi, wanda kuma ƙungiyar da ke bayansa ta taɓa karɓar kuɗi daga kamfanin mai na ExxonMobil. Kashi 96 cikin 100 na ɗaliban ba su gano wannan alaƙa sun sa ta a ma'auni ba. Abin da suka tsaya kallo shi ne kyan tsarin shafin, da abin da shafin ya faɗa game da kansa, da wutsiyarsa. Wato sun bi abin da aka koya musu sau da ƙafa, kuma shi ya kai su ya baro.

Kafin wannan, a 2017, Wineburg da Sarah McGrew sun yi wani gwaji da ya fi ba ni sha'awa, don ba yara kaɗai aka gwada ba. Sun zaunar da masana tarihi 10 masu digirin digirgir, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban Stanford 25. Suka ba su rubutu biyu kan cin zali tsakanin 'yan makaranta, ɗaya daga American Academy of Pediatrics, babbar ƙungiyar likitocin yara da aka kafa a 1930 mai mambobi sama da 60,000, ɗaya kuma daga American College of Pediatricians, wata ƙaramar ƙungiya da ta ɓalle a 2002. Sunayen sun yi kama, dukansu da tambari, dukansu .org. Masu tantance labarai dukansu suka gane wace ce babbar ƙungiyar cikin ɗan lokaci. Masanan tarihi rabinsu ne kawai suka tsaya a kanta. Yawancin ɗaliban kuwa ƙaramar suka zaɓa. Wutsiya ba ta taimaki kowa ba a nan, tunda iri ɗaya ce.

Sai .com da kike cewa a yi hattara da ita. Hattara a ko'ina tana da kyau, amma ki duba waɗanda ke zaune a can: reuters.com, bbc.com, nature.com na mujallar kimiyya ta Nature, thelancet.com na mujallar likitanci ta Lancet, da britannica.com. Yaron da aka koya wa zargin .com zai tsallake Lancet ya je ya ɗauko maganar lafiya daga wani .org da aka buɗe watan jiya. Ni a ganina wannan layin a goge shi daga darasin gaba ɗaya.

To, .gov fa? Nan kin yi daidai, amma da sharhi biyu. Na farko, .gov ita kaɗai, ba tare da wani abu a bayanta ba, ta gwamnatin Amurka ce da jihohinta da ƙananan hukumominta. Tun 2021 hukumar tsaron intanet ta ƙasar, CISA, ke kula da ita, kuma tana bincikar mai nema. Sauran ƙasashe kowa da tsarinsa a ƙarƙashin wutsiyar ƙasarsa: gov.uk a Birtaniya, gov.ng a Najeriya, gov.gh a Ghana, gouv.fr a Faransa, go.ke a Kenya, gob.mx a Meziko. Wasu ma ba su da wata alama da za ki gane da ido: babban shafin gwamnatin Kanada canada.ca ne, na gwamnatin tarayyar Jamus kuma bundesregierung.de. Ko a Amurkan ma hukumar gidan waya tana zaune a usps.com. Saboda haka rashin ganin gov ba ya nufin shafin ba na hukuma ba ne.

Sharhi na biyu ya fi nauyi. Abin da .gov ke tabbatarwa shi ne gwamnati ce ke magana. In ɗalibi yana neman rubutun wata doka, ko alƙaluman ƙidaya, ko ranar da aka kafa wata hukuma, nan ne tushe. In kuwa tambayar ita ce ko manufar gwamnatin ta yi nasara, to gwamnati tana cikin masu shari'ar, kuma ba a tambayar mai ƙara shi kaɗai. Shafukan nan suna kuma canzawa in mulki ya canza hannu. A Afrilun 2017 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sauke sashen shafinta na sauyin yanayi, sai a 2021 aka dawo da shi bayan zuwan wata gwamnatin. Adireshin bai canza ba ko da harafi ɗaya, abin da ke ciki ne ya canza.

Haka .edu. Tun 2001 ƙungiyar Educause ke riƙe da ita, kuma sababbin masu nema dole su kasance manyan makarantun Amurka da aka tantance. Waɗanda suka samu kafin wannan doka an bar musu abinsu, ko da ba su cika sharaɗin yanzu ba. Jami'o'in wasu ƙasashe suna amfani da ac.uk, edu.ng, ac.za da makamantansu, wasu kuma ba komai: Jami'ar Toronto utoronto.ca ce, Jami'ar Heidelberg uni-heidelberg.de. Amma babban abin lura shi ne jami'a gida ce mai ɗakuna da yawa. A ƙarƙashin adireshinta akwai sakamakon bincike da masana suka duba, akwai sanarwar neman ɗalibai wadda talla ce zalla, akwai aikin ajin da ɗan shekarar farko ya ɗora, akwai kuma shafukan ƙashin kai na ma'aikata. Tsofaffin irin waɗannan sukan zo da alamar ~ kafin sunan mutum a cikin adireshin. Sanannen misali shi ne wani malamin injiniyan lantarki a Jami'ar Northwestern da ya yi shekaru yana ajiye rubutun musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a shafinsa na ƙashin kai, a ƙarƙashin adireshin jami'ar. Malamin jami'a ne da gaske, adireshin .edu ne da gaske, sai dai tarihi ba fanninsa ba ne, kuma jami'ar ba ta tare da shi a ra'ayin.

Wutsiyoyin ƙasashe masu haruffa biyu kuwa, kada yara su ɗauka suna nuna inda mai shafin yake. Wasu ƙasashe suna neman shaidar zama, da yawa kuma sun mayar da wutsiyarsu hajar sayarwa ga duk duniya. .tv ta ƙasar Tuvalu ce, .ai ta tsibirin Anguilla, .me ta Montenegro, .ly ta Libiya, .co ta Kolombiya. Wannan ta ƙarshen ce aka yi amfani da ita wajen wata shigar burtu da ta yi suna a lokacin zaɓen Amurka na 2016: shafin abcnews.com.co, wanda ya kwaikwayi tambarin gidan talabijin na ABC yana watsa labaran ƙarya, mutane da dama kuma suka yaɗa su, har da manya. Abin dariyar shi ne adireshin ABC na gaskiya a lokacin abcnews.go.com ne, wanda a ido ya fi na jabun kama da jabu. Kama da wane ba ta wane.

A 2012 kuma hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet tun 1998, ta buɗe ƙofar ƙirƙirar sababbin wutsiyoyi. An shigar da buƙatu 1,930, sama da 1,200 suka fito. Yanzu akwai .news, .academy, .university, .institute, kuma duk buɗaɗɗu ne, mai .university ba sai yana da aji ko ɗaya ba. Kaɗan ne masu sharaɗi, irin .bank da ake tantance bankuna kafin a ba su. Jeri mai layi huɗu ba zai iya ɗaukar wannan duniyar ba.

Me za ki koyar ke nan? Da ni ne a ajinki, darasin farko gaba ɗaya zan ba wa karanta adireshi, domin yaran da yawa ba su san inda wutsiyar take ba ma. Ki rubuta wannan a allo (na ƙirƙire shi ne don misali): who.int.tallafin-lafiya.xyz/rajista. Ki tambaye su na wa ne. Hannuwa za su tashi, a ce na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, tunda ga who.int a gaba. Sai ki ɗauki alli ki nemo alamar / ta farko, ki ja layi a gabanta, ki ce duk abin da ke bayan wannan alamar a manta da shi tukuna. Daga nan a karanta da baya, daga dama zuwa hagu: .xyz ita ce wutsiya, tallafin-lafiya shi ne sunan da aka saya, shi ne mai gida. Duk abin da ke hagu da wannan, mai gidan ne ya rubuta da kansa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama, ko who.int, ko sunan banki, ko sunan jami'a. In wutsiyar mai hawa biyu ce, kamar gov.uk ko com.co, sai a ƙara taku ɗaya zuwa hagu. Ki ba su guda goma irin wannan, ki gauraya na gaskiya da na ƙirƙira, kowa ya zagaye mai gida da biro. Yaron da ya iya wannan ya tsira daga rabin saƙonnin damfara da za a turo masa a waya, ba aikin gida kaɗai ba.

Ki haɗa musu da cewa a waya burauza takan ɓoye wani ɓangare na adireshin don ƙarancin wuri, sai an taɓa shi yake bayyana duka. Gajerun adireshi irin na bit.ly kuwa ba sa nuna inda za su kai mutum sam, sai bayan ya isa ya duba sama. Alamar kwaɗo da https ma ba shaidar gaskiya ba ce. Tana nufin an rufe hanyar da ke tsakanin wayarka da shafin ne yadda wani ba zai leƙa ba, kuma ana samun takardar shaidar https ɗin kyauta, 'yan damfara ma suna da ita. Saboda yawan ruɗin da take jawowa ne Google ya cire alamar kwaɗon daga burauzar Chrome a 2023.

Darasi na biyu shi ne abin da masu tantance labaran nan suka yi a gwajin 2017, wanda masanan tarihi ba su yi ba. Masanan sun zauna a kan shafin suna karanta shi daga sama har ƙasa, suna auna lafazinsa da jerin manazartarsa. Masu tantancewar kuwa daƙiƙoƙi kaɗan suka yi a ciki suka fita, suka buɗe sababbin shafuka a gefe, suka rubuta sunan ƙungiyar a Google don su ji abin da wasu ke cewa a kanta. Hikimar a fili take: shafin da ke son ya yaudare ki shi ya rubuta sashen "game da mu" da kansa, shi ya zaɓi tambarinsa, shi ya jera manazartarsa. Duk abin da ke cikin shafin yana hannunsa. Abin da ba ya hannunsa shi ne abin da jaridu da masana da kundin bayanai suka rubuta a kansa. Shi ya sa ba na ɗokin dogayen takardun tantancewa masu tambaya ashirin, irin su "akwai kwanan wata? akwai sunan marubuci? akwai kuskuren rubutu?", domin mayaudari mai wayo zai ci duka ashirin ɗin.

A nan ne Wikipedia take da amfani, duk da na san malamai da yawa sun haramta ta a ajinsu. Ba a ce yaro ya kwafo aikinsa daga can ba. Amma in yana son ya san wace ce wannan ƙungiya, yaushe aka kafa ta, wa ke ba ta kuɗi, minti ɗaya a can ya fi minti ashirin a shafin ƙungiyar, daga nan sai ya gangara ƙasa ya bi manazartar da aka kawo. Ga manyan ɗalibai ki ƙara musu lookup.icann.org, inda za su sa sunan shafi su ga ranar da aka yi masa rajista. Sunan mai shi galibi a ɓoye yake, musamman tun 2018 da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, amma ranar tana nan. Shafin da ke cewa shi tsohuwar cibiyar bincike ce, aka duba aka ga sunansa bai cika wata uku ba, ya ba da amsa da kansa.

Akwai wurin da wutsiya take aiki sosai, kada ki bar shi: wajen nema. In ɗalibi ya rubuta abin da yake nema a Google ya ƙara site:who.int, sakamakon zai fito daga shafin Hukumar Lafiya ta Duniya kaɗai. In ya sa site:gov.uk, daga gwamnatin Birtaniya kaɗai. Nan ya riga ya yanke shawarar wa yake son ya ji daga bakinsa, sai ya yi amfani da wutsiyar ta kai shi ƙofar. Wannan ya sha bamban da ya tsinci shafi a hanya ya ce ya yarda da shi don ya ga haruffa uku.

Wajen ba da maki, kada ki sa tambayar "me .org take nufi?" ta zama jarrabawar, don haddace ta ba ya nuna komai. Ki ba kowane rukuni shafi biyu masu wutsiya iri ɗaya kan batu ɗaya, ki ba su minti goma, su dawo da amsar abu uku: wa ke bayan kowane shafi, a ina suka samo wannan bayanin, kuma me mai shafin zai samu in an yarda da shi. Wanda ya kawo hujjarsa daga wajen shafin shi ke da babban maki. Wanda ya ce "shafin ya ce su ƙwararru ne" ki mayar da shi ya sake. Za ki lura cewa yaran da suka fi ƙwazo a karatu su ne sukan fi daɗewa a cikin shafin, don an horar da su kan karanta abu a tsanake har ƙarshe. Su za ki fi tsayawa a kansu ki ce su fita su tambayo.

Kafin kowane darasi ki buɗe misalanki da kanki, a na'urar da za ki yi amfani da ita a aji. Sunan shafi haya ake yi, daga shekara 1 zuwa 10 a lokaci guda, in mai shi bai sabunta ba wani zai iya saye ya zuba abin da ya ga dama, kuma masu shafukan caca da na batsa suna farautar tsofaffin sunaye masu mutunci don su gaji maziyartansu. Shafin da kika yi misali da shi bara yana iya zama wani abu dabam bana, a gaban yara arba'in. In kina son tsohon misali kamar yadda yake a da, ki neme shi a Wayback Machine da ke web.archive.org, ki ɗauki hoton fuskar shafin tare da adireshinsa, ki ajiye a cikin kayan darasinki.